Jimmy Murphy, mai horar da yaran da suka tayar da Manchester United bayan hatsarin Munich

Idan ana zancen waɗanda suka gina Manchester United, sunaye biyu ne ke fara zuwa bakin masu bibiyar ƙwallon Ingila, wato Matt Busby da Alex Ferguson. Kaɗan ne ke ambaton Jimmy Murphy, ɗan yankin Wales da ya yi kusan shekaru 25 yana aiki a gefen Busby. Murphy ne ya ci kofin matasa na Ingila sau biyar a jere daga 1953 zuwa 1957. Kuma a watan Fabrairun 1958, lokacin da hatsarin jirgin sama ya halaka ƴan wasan ƙungiyar takwas, Busby na kwance asibiti rai kwakwai mutu kwakwai, shi ne ya tattara sauran yaran da ya raina ya fita da su fili bayan kwana 13 kacal.

Daga yankin masu haƙar kwal zuwa fagen yaƙi

An haifi James Patrick Murphy ranar 8 ga watan Agustan 1910 a Ton Pentre, cikin kwarin Rhondda da ke kudancin Wales, yankin da akasarin mazajensa ke cin abinci a ramukan haƙar kwal. Mahaifinsa ɗan asalin Ireland ne. Ƙwallo ce ta hana shi bin sahun tsaransa zuwa cikin rami. Tun yana makaranta ya buga wa tawagar ɗaliban Wales, kuma a 1928, yana da shekaru 17, ƙungiyar West Bromwich Albion ta Ingila ta ɗauke shi.

Ɗan wasan tsakiya ne mai tare gida, wanda aka sani da zafin nama wajen ƙwace ƙwallo. Ya buga wa West Brom wasanni fiye da 200, har da wasan ƙarshe na kofin FA na 1935 da Sheffield Wednesday ta doke su da ci 4 da 2. Ya kuma sanya rigar Wales sau 15. A 1939 ya koma Swindon Town, sai dai bai jima ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka dakatar da gasa, shi kuma ya shiga soja. Ya yi aiki da dakarun Birtaniya a arewacin Afirka, daga bisani aka tura shi Italiya.

A garin Bari na Italiya ne Matt Busby, wanda shi ma soja ne a lokacin, ya iske shi tsaye yana yi wa wasu sojoji bayani kan ƙwallon ƙafa. Yadda yake magana ya ja hankalin Busby, wanda ya riga ya amince zai karɓi ragamar Manchester United idan yaƙi ya ƙare. Nan take ya yi masa tayin aiki. A 1946 Murphy ya isa Manchester, ya zama mutum na farko da Busby ya ɗauka.

Ƙungiyar da ba ta da fili, ba ta da kuɗi

United ɗin da suka tarar ta sha bamban da wadda ake kallo yau a gidajen kallon ƙwallo. Jiragen Jamus sun yi wa filin Old Trafford ruwan bama-bamai a 1941, har sai da ƙungiyar ta koma aron filin Maine Road na maƙwabciyarta Manchester City, inda ta zauna har 1949. Ga bashi a kanta, kuma rabonta da kofin lig tun 1911. Sayen manyan ƴan wasa ya fi ƙarfinta, don haka Busby ya yanke shawarar su raini nasu da kansu.

An riga an aza tubalin wannan aiki tun kafin yaƙi, lokacin da shugaban ƙungiyar James Gibson da sakatare Walter Crickmer suka buɗe sashen matasa. Busby ya riƙe babbar tawaga, ya danƙa wa Murphy tawaga ta biyu da yara. Joe Armstrong ne ke zagaya wasannin makarantu yana zaƙulo masu hazaƙa, yana kuma shawo kan iyayensu. Bert Whalley, tsohon ɗan wasan ƙungiyar, ya zama abokin aikin Murphy na kurkusa a filin atisaye na The Cliff da ke Salford.

Yaran kan zo suna da shekaru 15 ko 16, a sauke su a gidajen wasu iyalai da ƙungiyar ta amince da su. Wasu kan yi aikin shara da gyaran fili, wasu kuma a sa su koyon sana'a domin kada ƙwallo ta ƙi su rasa madafa. Duncan Edwards ya fara koyon kafinta, Bobby Charlton kuma ya yi aiki a wani kamfanin injiniyoyi. Masu sana'a kan zo atisaye da yamma bayan sun tashi daga aiki.

Salon Murphy maimaici ne. Sai yaro ya tare ƙwallo, ya ɗaga kai, ya miƙa wa na kusa da shi, ya sake matsawa inda za a gan shi, haka nan sau ba adadi. Charlton ya zo yana son dogayen ƙwallaye masu burge ƴan kallo, Murphy ya riƙa tsayar da shi bayan kowa ya watse yana nuna masa inda gajeren bugu ya fi amfani. Charlton, wanda daga baya ya ci Kofin Duniya da kyautar Ballon d'Or a 1966, ya sha faɗa har ƙarshen rayuwarsa cewa babu wanda ya koya masa ƙwallo kamar Murphy. Busby mutum ne mai sanyin murya da ƴan wasa ke shakka, Murphy kuwa mai tsawa ne a fili, amma shi ne yaran ke kai wa kukansu.

Gasar da ta zo a kan kari

Matsalar da ke akwai ita ce yaran ba su da inda za su gwada ƙwanjinsu a matakin ƙasa. Suna buga ƙananan gasa ne na yankin Manchester da Lancashire, galibi da manyan mutane ƴan ƙungiyoyin unguwa. A kakar 1952 zuwa 1953 hukumar ƙwallon Ingila, FA, ta buɗe kofin matasa na ƴan ƙasa da shekaru 18. Tsarin sili-ɗaya-ƙwale ne, manyan ƙungiyoyi da ƙanana duk suna iya shiga, kuma a wancan zamani wasan ƙarshe gida da waje ake yin sa. Faransa ma ta bi sahu jim kaɗan da kofin Gambardella, wanda aka fara a kakar 1954 zuwa 1955.

Wasu ƙungiyoyi sun ɗauki sabuwar gasar wasan yara. Murphy ya ɗauke ta tamkar Kofin Duniya, yana shirya kowane wasa kamar na manya. A kakar farko yaransa sun lallasa Nantwich da ci 23 da nema, a wasan ƙarshe kuma suka doke Wolverhampton da jimillar 9 da 3. Cikin wannan tawaga akwai Duncan Edwards, Eddie Colman, David Pegg, Liam Whelan da Albert Scanlon.

A 1954 sun sake haɗuwa da Wolverhampton suka yi nasara 5 da 4, wannan karon da Bobby Charlton a ciki. A 1955 suka doke West Brom, tsohuwar ƙungiyar Murphy, 7 da 1. A 1956 Chesterfield ta ba su wuya kafin su sha da ƙyar 4 da 3, mai tsaron ragarta kuwa wani matashi ne mai suna Gordon Banks, wanda ya tsare wa Ingila raga a Kofin Duniya na 1966. A 1957 West Ham ta sha kashi 8 da 2. Kofuna biyar na farko na gasar duka Old Trafford suka tafi.

Amfanin gasar ya wuce kofi. Yaro ɗan shekara 16 na buga wasan da idan aka ci shi ya fita, a gaban dubban ƴan kallo, a filin da bai saba ba, ga kuma ƴan jarida. Duk wanda ya jure wannan, Busby ya san zai iya jefa shi cikin manya. Edwards ya fara buga wa babbar tawaga a watan Afrilun 1953 yana da shekaru 16, kuma har bayan ya zama cikakken ɗan wasan manya Murphy kan dawo da shi wasan matasa, abin da ya riƙa ɓata wa abokan hamayya rai. A 1955, shekarar da ya fara buga wa Ingila, sai da ya sake ɗaga kofin matasa.

Sakamakon bai jima ba ya bayyana. A 1956 United ta lashe lig da tazarar maki 11, da tawagar da matsakaicin shekarunta bai wuce 22 ba. Ta sake ɗauka a 1957, ta kuma zama ƙungiyar Ingila ta farko da ta shiga Kofin Turai, inda ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Real Madrid ta fitar da ita. Jaridu suka laƙaba wa tawagar sunan yaran Busby. Sunan Murphy, wanda a hannunsa suka tashi, bai shiga cikin laƙabin ba.

Kujerar da bai zauna ba

Tun 1956 Murphy ke haɗa aikinsa na United da horar da tawagar ƙasar Wales. A wasannin neman zuwa Kofin Duniya na 1958 Wales ta ƙare ta biyu a rukuninta, wato ta fita. Sai dai a ɓangaren Afirka da Asiya, ƙasashen Turkiyya, Indunusiya da Sudan ba su buga da Isra'ila ba, FIFA kuma ta ƙi yarda wata ƙasa ta wuce ba tare da ta taka leda ba. Aka yi ƙuri'a tsakanin ƙasashen da suka zo na biyu, dama ta faɗo kan Wales. Ta ci wasan farko 2 da nema a Isra'ila, aka sa na biyu ranar 5 ga Fabrairun 1958 a Cardiff.

A wannan rana ce kuma United ke da wasan Kofin Turai da Red Star a Belgrade. Murphy ya so bin ƙungiyarsa, Busby ya ce masa ya tafi ya kai ƙasarsa Kofin Duniya. Wales ta sake cin 2 da nema, United kuma ta yi canjaras 3 da 3 ta wuce zagaye na gaba.

Washegari, 6 ga wata, jirgin da ke ɗauke da tawagar ya ya da zango a Munich domin shan mai. Sau biyu yana yunƙurin tashi ana fasawa. A karo na uku ƙanƙara mai narkewa da ke kan titin ta rage masa gudu, ya kasa ɗagawa, ya fasa shinge ya daki wani gida. Cikin mutane 44 da ke ciki, 23 ne suka rasa rayukansu. Akwai kyaftin Roger Byrne, Geoff Bent, Eddie Colman, Mark Jones, David Pegg, Tommy Taylor da Liam Whelan, sai Duncan Edwards da ya cika a asibiti bayan kwana 15 yana da shekaru 21. Akwai ƴan jarida takwas, akwai sakatare Walter Crickmer da mai kula da ƴan wasa Tom Curry. Bert Whalley, wanda ya zauna a kujerar da Murphy ya saba zama kusa da Busby, shi ma ya mutu.

Murphy ya dawo daga Cardiff cikin farin ciki, ya shiga Old Trafford bai san komai ba, sakatariyar Busby ce ta shaida masa. Kashegari ya tashi zuwa Munich. Ya zagaya gadajen asibiti, ya ga Busby cikin mawuyacin hali, wanda da ƙyar ya iya roƙonsa ya riƙe ƙungiyar kada ta durƙushe. Ya dawo gida ta jirgin ƙasa da na ruwa tare da Harry Gregg da Bill Foulkes, ƴan wasa biyu da suka tsira ba rauni mai tsanani.

Kwana 13

Abin da ke gabansa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ba babban koci, ba sakatare, ba abokin aikinsa na shekaru. Johnny Berry da Jackie Blanchflower sun rayu amma ba su sake buga ƙwallo ba. Ga jana'izar yaran da ya raina ɗaya bayan ɗaya, ga iyayensu, ga wasan kofin FA da Sheffield Wednesday da aka ɗaga zuwa 19 ga Fabrairu.

Ya kwashe ragowar ƴan wasan zuwa garin Blackpool na bakin teku domin nesanta su da zaman makokin Manchester. Ya sayo mutum biyu kaɗai, Ernie Taylor daga Blackpool da Stan Crowther daga Aston Villa, wanda ya sa hannu ana daf da take wasa. Sauran gurbin duk ya cike su ne da ƴan tawaga ta biyu da yaran kofin matasa. Rashin tabbas ya kai ga takardar wasan da aka sayar wa ƴan kallo ta fito da gurabun sunayen ƴan United 11 babu komai a ciki.

Kusan mutum dubu 60 ne suka cika filin a wannan dare. Shay Brennan, ɗan shekara 20 da ya ci kofin matasa a 1955, bai taɓa buga wa manya ba, kuma Murphy ya ajiye shi a gefen hagu na gaba, wurin da ba nasa ba. Ya ci biyu, ta farko kai tsaye daga bugun kwana. Alex Dawson, ɗan tawagar matasa ta 1957 da bai cika 18 ba, ya ƙara ta uku. Mark Pearson mai shekaru 18 shi ma ranar ya fara. United ta ci 3 da nema. Bayan kwana biyu labarin rasuwar Edwards ya iso.

Wannan tawaga ta fitar da West Brom, ta fitar da Fulham a wasan da Dawson ya zura uku rigis aka tashi 5 da 3, ta isa Wembley. Ranar 3 ga watan Mayu Murphy ne ya jagorance su zuwa cikin fili, Busby da bai gama warkewa ba na zaune a gefe. Bolton ta ci 2 da nema ta ƙafar Nat Lofthouse. A lig kuwa gajiya ta bayyana, wasa ɗaya tak suka ci bayan hatsarin, suka ƙare na tara. A Kofin Turai sun doke AC Milan 2 da 1 a gida, ta rama da 4 da nema a Italiya. Amma ƙungiyar ta kammala kakarta ba ta janye daga kowace gasa ba.

Ko hutawa bai yi ba ya wuce Suwidin da Wales. Suka yi canjaras da Hungari, Meziko da mai masaukin baƙi, suka doke Hungari 2 da 1 a wasan raba gardama. A zagayen ƙungiyoyi takwas, ba tare da gwarzonsu John Charles da ya ji rauni ba, Burazil ta fitar da su da ci ɗaya mai ban haushi. Wanda ya ci ƙwallon yaro ne ɗan shekara 17 mai suna Pelé, kuma ita ce ta farko da ya ci a Kofin Duniya. Wales ba ta sake zuwa gasar ba sai a 2022 a Katar.

Ya koma inda ya fito

Bayan wannan shekara sunan Murphy ya zagaya. An ruwaito cewa Arsenal da Juventus sun neme shi, haka ma Burazil. Duk ya ƙi. Da Busby ya samu sauƙi ya miƙa masa kujerarsa, ya koma The Cliff ya sake farawa da sabbin yara. A 1964, shekarar da ya ajiye aikin Wales, United ta ci kofin matasa karo na shida bayan doke Swindon 5 da 2, da tawagar da ta ƙunshi George Best, David Sadler da John Aston.

Ranar 29 ga Mayun 1968, shekaru goma bayan Munich, United ta doke Benfica 4 da 1 a Wembley ta zama ƙungiyar Ingila ta farko da ta ɗauki Kofin Turai. Takwas daga cikin 11 da suka buga rainon gida ne: Foulkes, Charlton, Brennan, Stiles, Sadler, Aston, Best da Brian Kidd. Uku kaɗai aka sayo. Duk ƙwallaye huɗun ƴan gida ne suka ci.

Sakayyar ba ta zo daidai ba. Busby ya samu lambar girmamawa ta sarauniya, daga baya kuma ya samu kujera a majalisar gudanarwar ƙungiyar. Murphy kuwa tun da Busby ya sauka a 1969 aka fara mayar da shi gefe, a 1971 ya bar muƙamin mataimaki. Marubutan tarihin ƙungiyar sun ruwaito cewa har kuɗin tasin da ake biya masa aka yanke, alhali bai iya tuƙi ba. Bai fito ya yi ƙorafi a jarida ba. Ya ci gaba da hawa jirgin ƙasa zuwa ƙananan filaye yana yi wa United farautar ƴan wasa, kuma shi ne ya ba Tommy Docherty shawarar ɗaukar Steve Coppell da Gordon Hill. Ya rasu ranar 14 ga Nuwamban 1989 a Manchester yana da shekaru 79.

Abin da ya bari

Bayan rasuwarsa ƙungiyar ta sa sunansa a kyautar gwarzon matashin ɗan wasanta na shekara. Ryan Giggs ya ɗauke ta, haka Paul Scholes, Marcus Rashford, Alejandro Garnacho da Kobbie Mainoo. Kofin matasan da ya ɗauka da muhimmanci tun ranar farko ya ci gaba da ciyar da ƙungiyar. Tawagar 1992 ta fito da David Beckham, Nicky Butt da Gary Neville, ta 2011 ta fito da Paul Pogba da Jesse Lingard. A 2022 United ta ɗauki kofin karo na 11 bayan doke Nottingham Forest 3 da 1, a gaban ƴan kallo fiye da dubu 67 da suka zo kallon yara ƴan ƙasa da shekaru 18.

Mutum-mutumin Busby ya daɗe a gaban Old Trafford, an kuma kafa na Ferguson tun 2012. Na Murphy sai ranar 3 ga Mayun 2023 aka buɗe shi, shekaru 65 cif bayan ranar da ya shiga Wembley da tawagar da ya harhaɗa cikin kwana 13. An kafa shi a bayan ɓangaren Stretford End, kusa da wurin da ya saba tsayar da yara yana sa su maimaita bugu.